Kaset ɗin Baba Bai Lalace Ba

Kowa a gidanmu na unguwar Alsawra ya yarda kaset ɗin nan lalacewa ya yi. Bai lalace ba. Haka aka yi shi.

Ina aji uku Baba ya shigo da shi daga Kasuwar Libiya da ke garinmu, wata Alhamis da la'asar, a cikin tsohuwar rikodar da ya saya. Mai shagon ma bai san da kaset a ciki ba. Ina wanke kofunan shayi a gindin randa ya danna. Sai ga ganga busasshiya, jita mai kauri tana bin ƙasa, da wani Bature yana jan murya kamar an tashe shi daga barci. Inna ta ce batir ne ya yi sanyi. Daga ranar aka ɗora mini aiki: in jera batura a kan katanga su sha rana, in ciccije su, in mayar. Ƙawayena na carafke a ƙofar gida, ni ina gadin batir. Muryar ba ta taɓa sauyawa ba.

Baba bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Yana dawowa daga dako sai ya miƙe a gadon igiya ya kunna. Yaya Usman kan ce masa, "Yaba, wannan ai kukan jaki ne." Baba kuwa ya ce, "Injin ban-ruwan gonakin audugar Jazira ne. Yaron nan ya san gajiya."

Sai da na gama sakandare na nemo waƙoƙin a waya. Ashe faifan farko ne na wasu samarin Ingila 'yan garin masana'antu, tun Baba na tsinkar auduga, wai mawaƙa da dama a wurinsu suka koya. Haushi ya kama ni. Duk cizon batir ɗin nan a banza.

Sai yaƙi ya ɓarke muka gudu. Da faɗa ya lafa muka koma, gida ba ƙofa ba rikoda. Kaset ɗin ko ɓarayi sun raina shi, suka bar shi. Baba yanzu yana unguwar Soba, a tsallaken kogi, wurin Yaya, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana. A da kiɗansa ke damunmu, yau shirunsa. Yaya ya ce in jefar da kaset ɗin, kada in tayar wa Baba da hankali.

Na gaji da shirun. Gobe zan shiga Kasuwar Libiya neman rikoda, in ƙetare gada zuwa Soba. Batir kuwa sababbi zan saya.