Shebur ɗin Baba Yana Bayan Ƙofata

Damina bakwai ke nan da muka binne mahaifina, Malam Garba mai injin markaɗe na gangaren Mpape. Da damina nake ƙirgawa don ruwa ne ya yi ajalinsa, kuma na san wanda ya nuna wa ruwan hanya.

Abu biyu aka san Baba da su a unguwa. Na farko injinsa, inda masu ƙosai da alala suke jera bokitan wake tun kafin leburorin fasa dutse su fito neman karin kumallo. Na biyu shebur ɗinsa. Da zarar zafin bazara ya hana kowa zaman ɗaki, hadari ya fara haɗuwa a bayan duwatsu, sai ya bi gida gida yana tayar da maza gayyar yashe kwata, tun daga saman tudu har rafi. Ba wanda ya naɗa shi, amma ba mai iya ƙin fitowa.

Ana haka wani babban ma'aikaci da muke kira Oga ya sayi filin da ke samanmu, ya fara jan katanga ta kan kwatar, zai gina gidan haya. Baba ya same shi ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta nan ruwa yake bi." Oga ya ce, "Dattijo, takarduna sun cika, injiniya ya duba." Baba ya ce, "Shi dai ruwan bai iya karatu ba." Magina suka yi ta dariya.

Wata la'asar cikin Agusta ruwa ya daki katangar, ya juyo kanmu. Baba ya shiga shago zai ɗaga injin, bangon shagon ya rufta masa. Ranar sadakar uku Oga ya aiko da buhun shinkafa, shi ko leƙowa bai yi ba.

Da Baba zai ga unguwar yau, da ya yi faɗa. Gayya ta mutu, leda ta toshe ko'ina, mangwarorin da ake fakewa a inuwarsu an sare. Zai kuma ga abin da nake fita kallo duk bayan ruwa: zaizaya tana cin gindin katangar Oga, tsagewa ta kai bangon gidan hayar. Bana ya turo direbansa, wai in taimaka in tara mutane tunda ni na san inda tsohuwar kwata ta bi. Na ce ya koma ya gaya wa mai gidansa ai takardunsa sun cika.

Na san da Baba ne, tuni ya saɓa shebur ya tafi. Ni ban gado wannan zuciyar ba, ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da na iya yi a madadinsa, na bi 'yan hayar ɗaki ɗaki na ce su tashi kafin Agusta, kuma sun tashi. Gidan yanzu ba kowa. Shebur ɗin Baba yana bayan ƙofata, ina shafa masa mai. Ranar da katangar ta faɗi, da shi zan buɗe wa ruwa hanyarsa.