Furen da ya zama maganin hawan jini

Shekarar da na tare a Gwadangaji, maƙwabciyata wata ma'aikaciyar jinya ce daga Filato, kirista, mai son shuke-shuke. A bakin katangarta akwai wani itace da har yau ban san sunansa ba. Duk shekara yana nan shiru kamar ba ya amfana wa kowa komai, sai bazara ta kai inda kwalta ke ƙona takalmi, sannan ya yi ja zur da fure tun daga sama har ƙasa.

Na ɗauki al'adar fito da benci bayan la'asar in zauna ina kallonsa. Ban san abin ya zama magana a unguwa ba. Magidanci da hankalinsa ya zauna yana kallon itace, ba rediyo, ba carbi? Wasu suka ce an kore ni daga aiki. Wasu suka ce iska ce.

Ana haka kawuna ya zo daga Argungu da buhunan albasa, labarin ya riske shi tun kafin ya sauka daga keke-napep. Ya zauna gefena, ya daɗe yana bin inda idona yake.

"Ɗana, mi kaka kallo?"

"Fure, Kawu."

"Ana cin ɗiyan iccen?"

"Ba a ci."

"Bisashe fa?"

"Ko akuya ba ta kula shi."

Ya yi mini kallo irin na mai shirin kai mutum wajen malamai. Tsoro ya kama ni, sai na ji bakina ya ce, "An ce maganin hawan jini ne."

Nan take fuskarsa ta saki. "To, ka ce hakanan mana tun ɗazu!" Ya miƙe ya cika aljihun rigarsa da furen.

Kafin Juma'a ta zagayo an gama da itacen. Mata suka zo da kwanuka, maza da gora mai ƙugiya. Har daga Augie wani ya zo a babur, wai surukarsa ce ba lafiya. Maƙwabciyata ta tsaya bakin ƙofa cikin farin kayan aikinta tana rantsuwa cewa ba ya maganin komai, aka ce rowa ce, so take a je asibiti a saya.

Da yamma ta same ni a kan bencin, ina fuskantar rassa tsirara.

"Malam, don Allah wa ya fara wannan magana?"

Na ce mutanen yanzu ba su da aikin yi. Ta ce wallahi kuwa, ta kawo mini zoɓo mai sanyi, don ni kaɗai ne a unguwar ban tsinki ko ɗaya ba.

Bayan sati biyu kawu ya bugo waya. Ya ce jirin da ke damunsa ya tafi, barci har da minshari, kuma in ajiye masa na baɗi kafin mutane su farga.