Kai Keken Yaya Jidda

Ana sallame sallar asuba muka bar Kudai, unguwarmu a Makka, ni da yayana, a bayan wata tsohuwar lori mai zuwa Jidda. Kekensa na tsere yana kwance kan buhunan gawayi, ya naɗe shi da bargo kamar mara lafiya.

Shekarun da muka yada zango a Sudan kan hanyarmu ta hajji, tseren keke ne sana'ar Yaya. Wani mai shagon kekuna ke ɗaukar nauyinsa. Ya sha zuwa na ɗaya a Khartum, ranar da ya zo na biyu kuwa ko abinci bai ci ba. Tun da muka zauna Makka bai sake tsere ba, sai da ya ji za a yi wani a Jidda.

Hanyar kwalta ce, amma direban ya fi son ramukanta. A garin Bahra muka tsaya wani gidan gahawa, aka kawo dafaffen waken ful da burodin tamis da shayin da sukarinsa ya fi ganyensa yawa. Yaya bai taɓa ba, sai murza gwiwa yake.

A wurin tseren, mai rubuta sunaye ya nemi ikama, takardar zama. Ba mu da ita. Yaya ya yi ta lissafa masa nasarorinsa cikin Larabcin Sudan, mutumin ya saurara da ladabi, sannan ya kira na bayansa.

Da aka tashi masu tsere, Yaya ya hau ya bi su ba lamba. Na tsaya a rana ina jira. Na farko ya iso, aka yi tafi. Sauran suka iso, aka naɗe tuta, jama'a suka watse. Can sai ga shi shi kaɗai, leɓunansa sun yi fari.

Na fara zagin takarda, ya girgiza kai.

"Bar ta, ƙanena. Ko sun ba ni lamba, ƙafar ta riga ta tafi."

Bayan la'asar muka shigo Makka. Na tafi ina ganin hukuma ce kaɗai ta tare Yaya, na dawo na san shekarun da muka yi muna ɓuya saboda rashin takarda sun riga ta. Washegari na tarar da shi a ƙofar gida yana ɗaura wa keken akwatin katako. Mai gidan burodin unguwarmu yana neman mai kai kaya.