Lauratu da Sunaye Arba'in da Uku

A Jugu aka haifi Lauratu, gidan fataken goro da tun kakan kakanta suke zaune a garin. Aure ya kai ta unguwar Zango a garin Paraku, inda ta shekara talatin tana sayar da kwanoni. Ba ta yi boko ba, amma ba zaɓen da ya taɓa wuce ta.

Da aka kafa jerin masu zaɓe a bangon lakkol, wato makarantar boko, ɗanta Sharfaddeen ya bi shi da yatsa har sau uku, babu sunanta. Ta tafi biron rajista, wato ofishin rubuta masu zaɓe. Wani matashin ma'aikaci ya juya katinta, ya ce da Faransanci irin wannan suna na Nijar ne ko Najeriya, sai ta kawo shaidar asali.

"Ɗan nan," in ji ta, "kafin a haifi ubanka, kabarin kakana ya tsufa a ƙasar nan."

Ko ɗaga kai bai yi ba.

Ta shiga motar Jugu rai a ɓace. Kwana huɗu ita da wanta Umar Faruƙ suna zarya kafin takardar haihuwarta ta fito. Ta dawo, aka ce an rufe gyara tun jiya.

Lauratu ba ta yi kuka ba. Gida-gida ta bi Zango, Sharfaddeen yana rubutawa, har suka tara mutum arba'in da uku da aka goge, har da ita, duk masu Hausa a baki.

Ranar zaɓe ta rufe rumfa, ta dasa kujera a ƙofar lakkol, inda ake jefa ƙuri'a. Shugaban unguwa ya roƙe ta ta rufa asiri ta tashi. Ta ce asirin wa? Wajen azahar masu sa ido da aka turo daga Kwatano suka iso. Ta tare jagorarsu, wata mace mai tabarau, ta danƙa mata takardar sunayen.

"Ranar haraji ba a taɓa ce mana baƙi ba. Sai yau."

Matar ta karanta, ta kira mutanen ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta bayaninsu. Amma ranar ba wanda ya jefa ƙuri'a a cikinsu.

Bayan wata bakwai aka maido da talatin da ɗaya, har da Lauratu. Maƙwabta suka zo yi mata barka, ta ƙi amsawa. Ta ce saura goma sha biyu, biyu daga ciki ma sun riga mu gidan gaskiya. Washegari ta yafa mayafi ta koma biron.