Kofin Gahawar Baba Bashir

Daga Nasiriya

Ana sallame Asuba na tada mota. Baba Bashir, tsohon kukun gidan da nake tuƙi, mutumin kudancin Indiya, ya shigo ya zauna. Matarsa na kwance can gida Indiya rai a hannun Allah, ga shi kafil, wato Balaraben maigidanmu, ya yi ta ce masa "bukra, bukra", wato gobe, gobe, kan izinin tafiya. Na rantse yau sai na kai shi gaban kafil an yi ta ta ƙare.

A shingen farko ɗan sanda ya duba iƙamarmu, katin izinin zama, ya ce, "Yalla," muka wuce.

Dira

A unguwar Dira muka karya da burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, kusa da tsohuwar ganuwar Masmak. Baba ya dubi ginin, ya ɗauko labarin da kullum yake ba ni, na sarkin yaƙinsu da ya yi ta gwabzawa da Turawan Ingila, yana yi musu ruwan rokoki. Da suka kewaye birninsa aka ce ya sulale, ya ƙi, ya faɗi a ƙofar ganuwa da takobi a hannu.

"Kakan kakana na cikin dakarunsa," in ji Baba.

Na ce, "Haba Baba! Jikan mazan jiya, amma kafil ya yi tari ka ce na'am?"

Nan na koya masa al'adar Larabawa da wani mai gadi ɗan Maraɗi ya taɓa gaya mini: in an miƙo gahawa, ajiye ta ƙasa, kada ka kurɓa. Mai gida ya san da buƙata ke nan, kuma abin kunya ne baƙo ya tashi bai sha ba.

Dir'iyya

Da hantsi muka ratsa manyan motocin gini zuwa gonar kafil a bakin kwarin Wadi Hanifa. Majalisa cike da baƙi. Aka miƙo kofi. Baba ya kai shi kusa da baki, wallahi har na fid da rai. Sai ya dire shi a kan darduma.

Kafil ya juyo gare shi.

"Me kake so, ya Bashir?"

"Gida. Matata."

Kafil ya dubi baƙinsa, ya dubi kofin. "Sha gahawarka. Gobe za ka tashi."

Komawa gida

Muka iso Nasiriya bayan La'asar, lafiya lau, alhamdu lillahi. Na gode wa mai gadin Maraɗin da ya fara gaya mini wannan al'ada. Baba na haɗa kaya na tambaye shi yadda ya ji gahawar.

Ya ce, "Ta huce. Amma shekara da shekaru ina dafa ta, yau na san ɗanɗanonta."