Alhaji Maikano Doguwa, Fasinjan Da Shamuwa Ta Bari A Ƙasa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1995, ba a daɗe da ƙaramar salla ba, Allah Ya karɓi ran Alhaji Maikano Doguwa, falken shanu, a ɗakin jiran fasinjoji na kamfanin jiragen Shamuwa da ke Legas. Ya cika a ƙasa, kansa a kan cinyata, tikitinsa na komawa Kano a aljihu. Ni Rufa'i, abokin fataucinsa, na yarda ajali ne, ba ni da ja da hukuncin Ubangiji. Amma ajali daban, wulaƙanci daban, kuma wulaƙancin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Alhaji, a karar shanu ta Tudun Wada muka san juna, zamanin da muke hawa saman tirela tare da dabbobi, rana ta dake mu, ruwa ya dake mu, har Agege a Legas. Kai ka fara cewa shanu su bi hanya da masu rakiya, mu kuwa mu hau jirgi mu riga su isa, mu daidaita da mahauta. Muka yi maka dariya, daga baya muka bi ka.

A lokacin marigayi Alhaji Hamidu bai daɗe da kafa Shamuwa ba. Jiragensa tsofaffi ne, amma shi da kansa yakan tsaya a gindin matakala yana gaisa da fasinja. Wata rana ka taho kai tsaye daga kara, wani ma'aikaci ya toshe hanci, ya ce ka koma baya, rigarka na warin shanu. Alhaji Hamidu ya ji. Ya zo ya ba ka haƙuri a gaban jama'a, ya karɓi jakarka ya hau da ita da hannunsa har kujerarka. Tun daga ranar ba ka ƙara taka jirgin wani ba.

Ba kai kaɗai ka hau ba. Fataken Bebeji da Kiru da Ƙafin Maiyaki, da masu kifin Tiga, kai ka ja su. Wanda bai taɓa hawa ba, kusa da shi kake zama, ka ɗaura masa bel, ka ɓantara masa goro ka ce ya tauna kada kunnensa ya toshe. Ban manta da Sabo ba, mahaucin nan na garinku da ya sami taɓin hankali a Agege. Direbobi suka ƙi ɗaukarsa, 'yan'uwansa suka rasa yadda za su yi. Ka yi masa wanka, ka sa masa rigarka, ka hau jirgi da shi, kana riƙe da hannunsa kana yi masa hira da Fillanci har kuka sauka Kano. Yau Sabo yana nan lafiya lau, yana fawarsa.

Sai Alhaji Hamidu ya rasu, magada suka sayar da kamfanin ga wasu da har yau ba mu ga fuskarsu ba. Suka bar suna, suka bar hoton shamuwar a jelar jirgi, suka kori tsofaffin ma'aikatan da suka san mu. Aka shiga sayar da tikiti fiye da kujeru. Dattawa masu furfura suna tattare babbar riga suna tsere a filin jirgi don su sami wurin zama, ma'aikata na kallo suna dariya. Ruwan sha ma ya gagara. Ɗaya bayan ɗaya muka koma wasu kamfanoni, kai ka tsaya. Na yi maka magana, ka ce, "Rufa'i, mutumin nan ya ɗaukar mini jaka da hannunsa. Don ya mutu sai in juya wa gidansa baya?" Na ce, "Alhaji, gidan ba nasa ba ne yanzu." Ka yi murmushi, ka sako wata maganar.

A wannan tafiya ta ƙarshe ciwon ƙirji ya kama ka a Agege, ƙafafunka suka kumbura. Likita ya ce ka kwanta, ka ce kwanciyar a Doguwa za ka yi ta. Muka yi sammako ranar Litinin zuwa filin jirgi. Aka ce jirgi na hanya. Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Can muka hango shi ta taga ya sauka, muka miƙe, sai muka ga wasu masu leshi da gwaggwaro suna hawa. Ashe an ba da shi shata, za a kai 'yan biki. Mu da muka riƙe tikiti aka ce mu dawo gobe, ko haƙuri babu wanda ya ba mu.

Sai a daren nan ka amince in nemi wani kamfanin, na tarar ko'ina ya cika da matafiyan bayan salla. Washegari muka dawo, da ƙyar kake taka ƙasa. Ɗakin ya cika maƙil, fankoki sun mutu, babu kujera. Na shimfiɗa maka darduma a jikin bango, na shiga wurin manaja, wani matashi ɗan Arewa mai jin Hausa kamar ni. Na ce ga dattijo ba lafiya, a taimaka a sa shi a jirgin farko, ko a ba shi wuri mai iska ya kwanta. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Kowa a nan yana da uzurinsa." Na ce mutumin nan tun kafuwar kamfanin yake hawa, rabin fataken kudancin Kano shi ya kawo muku. Sai a nan ya dube ni, ya ce, "Wancan tsohon kamfani ne, Alhaji. Mu ba mu san shi ba."

Wata Bayarabiya mai sayar da abinci ce ta ga halin da kake ciki, ta kawo ruwa, ta tsuguna tana yi maka fifita da kwali. Ka buɗe ido ka ce da ni, "An kira?" Na ce, "Tukuna." Ka ce, "To, za su kira." Wallahi har a wannan lokacin ba ka zage su ba. Daga nan sai kalmar shahada.

Na koma na roƙe su su ɗauki gawar, a binne ka kusa da iyayenka. Suka ce babu wuri, sai an nemi izini daga sama, in dawo wani mako. Haka muka sallace ka a Agege, 'yan kara suka haƙa maka kabari a ƙasar da ka ƙi kwanciya a cikinta ko da jinya. A daidai lokacin ɗanka Idi yana filin jirgin Kano da mota, yana tambayar ma'aikatan Shamuwa, suna ce masa jirgi na hanya. Har aka tashi daga zaman makoki, ko mutum ɗaya kamfanin bai turo ba.

Ku masu Shamuwa na yanzu, ko su wane ne ku, ku ji. Kun sayi jirage da suna, kuka tarar da amanar mutane a ciki, kuka tattake ta. Kun san akwai irin su Alhaji Maikano da ba za su tafi ba duk abin da kuka yi musu, shi ya sa kuka fi raina su. Fataken Tudun Wada sun zauna ranar kasuwa sun yanke cewa ba mai ƙara hawa jirginku. Na san ba zai hana ku barci ba. Akwai dai ranar da za a tambaye ku, kuma a can babu manajan da zai ce bai san shi ba.

Da na je Doguwa gaisuwa, Hajiya Saude, mai ɗakinka, ba ta tambaye ni komai game da jirgi ba. Daga bayan labule ta ce, "Malam Rufa'i, ya sami ruwa ya sha kafin ya cika?" Na ce ya samu. Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Allah Ya jiƙanka, Alhaji, Ya gafarta maka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka na baƙunta. Allah Ya saka wa baiwar Allah da ta ba ka ruwa da alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Saude, da Idi da ƙannensa, da dangi na gari da na ruga, da jama'ar Doguwa baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya bi maka hakkinka.

Rufa'i Labaran, Tudun Wada