Na ɓata wa Ummi dunƙulen nama da yaji

Ku yi haƙuri, ban saba rubutu a nan ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

An kawo Ummi, 'yar yayata, yaye gidanmu a Ƙofa. Kwana biyu ba ta cin komai sai ɗan koko. Na roƙi Inna ta bar mini naman da Baba ya sayo, tunda an koya mana dunƙulen nama a makaranta. Na daka shi ya yi laushi, na haɗa da dafaffen dankali, na mulmula ƙanana, na turara. Da na ɗanɗana na ji lami, sai na barbaɗa yaji.

Ummi da kanta ta miƙo hannu. Tana kaiwa baki ta fashe da kuka.

Inna ta gutsuri ɗaya, ta dube ni. "Hafsatu, wa kika dafa wa?"

"Ummi, Inna."

"A'a, kanki kika dafa wa. Bakin da jiya-jiya ya rabu da nono?"

Yanzu ko kwano ta gani a hannuna sai ta ɓuya bayan Inna.

Iyayena mata, yaya zan yi ta sake yarda da ni? In kun ba ni izini, ranar da ta karɓa zan zo in faɗa muku.